Manga Ta Cika Intanet, Amma Har Yanzu a Gidan Haya Take

A ranar 30 ga Mayun 2013 aka kashe shafin JManga. Shafi ne na halal, wanda kamfanonin ɗab'i na Japan kusan 40 suka haɗa hannu suka buɗe a 2011 domin sayar wa mutanen ƙasashen waje littattafansu cikin Turanci. Masu karatu suka amsa kira, suka zuba kuɗinsu, kowa ya tara abin da ya saya a cikin asusunsa. Da shafin ya mutu, littattafan suka bi shi, saboda tun farko ba a ba kowa damar sauke fayil ya adana a kwamfutarsa ba. Shi kuwa wanda ya kwaso irin waɗannan littattafai daga shafukan sata, bai biya ko sisi ba, nasa suna nan a na'urarsa har gobe idan bai goge ba. Mai gaskiya ya tashi a tutar babu, ɓarawo ya kwana da kaya.

Ga wanda bai saba ba, manga ita ce littattafan labari cikin zane na ƙasar Japan. Yawancinsu baƙi da fari ne, kuma daga dama ake fara karatu a nufi hagu, abin da ba zai ba wanda ya yi makarantar allo wahala ba. Babi-babi ake fitar da labarin a mujalla, daga baya a tattara a yi kundi mai shafi kusan 200. Uwar mujallun ita ce Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, wadda ta fara fitowa a 1968, har fitowarta ta farkon shekarar 1995 ta kai kwafi miliyan 6.53. A cikinta Akira Toriyama ya yi Dragon Ball, Masashi Kishimoto ya yi Naruto, labaran da matasan Kano da Yamai suka fi sani ta finafinan katun. A nan kuma Eiichiro Oda ya fara One Piece a 1997, wanda zuwa 2022 an buga sama da kwafi miliyan 500 nasa. A 2023 cinikin manga a cikin Japan kaɗai ya kai yen biliyan 693.7, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin daga masu karatu a waya da kwamfuta ya fito.

Fiye da shekara 20 ke nan masoyan manga a wajen Japan suna fama da tambaya ɗaya: a ina za a ajiye fayil, ta wace hanya kuma za a raba shi? An gwada hanyoyi iri-iri, kowace ta yi zamaninta ta faɗi. Wanda ya bi tarihin zai ga cewa kotu da 'yan sanda sun iya kashe shafi, amma ba su taɓa kashe ƙishirwar mai karatu ba. Lokacin da kasuwar sata ta ji jiki da gaske shi ne ranar da masu haƙƙin suka kawo kayansu da wuri kuma da araha. Wannan rabin aikin sun yi shi. Rabin da ya rage, wato su sayar wa mutum fayil ya zama nasa na kansa, shi suke ta jan ƙafa a kai.

Masu fassarar sa-kai ne suka share hanyar, tun wajen ƙarshen shekarun 1990, kuma aikin nasu ba na rago ba ne. Wani a Japan zai sayi mujalla ko kundi, ya ɓalle ɗaurin, ya ɗauki hoton kowane shafi da sikana. Mai fassara ya juya maganganun. Wani ya goge rubutun Japananci ya tsabtace shafin, in kuma rubutun ya hau kan zane, sai an nemo mai hannu da zai sake zana gashin kai ko ginin da ya ɓace a wajen gogewa. Wani ya jera sabon rubutu a cikin da'irorin magana, na ƙarshe ya bi layi-layi yana farautar kuskure. Mutum biyar ko shida, wannan a Brazil, wancan a Indonesiya, ba su taɓa ganin juna ba, babu kuma mai biyansu. Abin da ke fitowa daga hannunsu tarin hotuna ne a ƙunshe wuri guda, fayil ɗin da ake kira CBZ, wanda a zahiri ZIP ne kawai aka sauya wa suna. Ba shi da kulle, babu kamfanin da ya mallaki tsarinsa, kuma fayil ɗin da aka haɗa a 2005 yana buɗuwa a wayar da aka saya jiya.

Da yawa daga cikin waɗannan ƙungiyoyi sun kafa wa kansu ƙa'ida: da zarar wani kamfani ya sayi lasisin fassara labari, sai su ajiye shi, su ce wa mabiyansu a je a saya. Ba duka ne suka riƙe alkawarin ba. Ko da sun riƙe ma, doka ba ta san da zamansa ba, domin fassara littafin wani a raba wa jama'a ba da izininsa ba keta haƙƙi ne a Japan, haka a Amurka, haka a Najeriya. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa su ne suka gina wa manga masoya a ƙasashen da babu wani kamfanin Japan da ya taɓa tunanin kai kaya.

Rabawa a wancan zamani sai mai haƙuri. A zaurukan hira na IRC mutum yakan rubuta wa na'ura umarni, ya shiga layi, ya jira babi ɗaya ya sauko. BitTorrent ya kawo wata dabara: duk wanda yake saukewa yana kuma miƙa wa wasu, don haka babu rumbu ɗaya da za a rufe a huta. Aibinsa shi ne labarin da ba shi da farin jini, in masu riƙe da shi suka watse, fayil ɗin ya tsaya a rabi har abada. Sai aka koma wa rumbunan ajiya irin su Megaupload da RapidShare da MediaFire, inda mutum zai ɗora fayil ya raba adireshinsa. A Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload, aka kama mai shi Kim Dotcom a New Zealand, cikin dare ɗaya adireshin fayiloli marasa adadi suka zama banza, har da na mutanen da hotunan iyalinsu da takardun aikinsu kawai suka ajiye a can. RapidShare ya rufe da kansa a 2015.

Babban sauyi ya zo ne da shafukan tattarawa, waɗanda suka ce wa mai karatu ba sai ya sauke komai ba, ya buɗe kawai ya karanta. Waɗannan ba sa fassara ko layi ɗaya. Kwashe aikin 'yan sa-kai suke yi, su matse hotunan har zanen ya dusashe, su kewaye shafin da talla. A nan kuɗi ya shigo harkar, kuma ba mai zanen ya samu ba, ba mai fassarar ba. One Manga ne sarkinsu a lokacin. A Yunin 2010 ƙungiyar kamfanonin ɗab'i na Japan ta haɗa kai da na Amurka, ciki har da Viz Media da Tokyopop da Yen Press, suka ce sun sa ido a kan shafuka 30. A watan Yuli One Manga ya sanar da cewa zai kwashe kayansa. Masu karatu suka yi jimami na ɗan lokaci, sannan suka koma wasu shafukan da suka fi shi talla da rashin kunya.

Wannan bambanci tsakanin mai fassara don so da mai tattarawa don kuɗi yana da muhimmanci, ko da yake lauyoyi ba sa son jin sa. Shafin Batoto ya yi suna saboda ƙungiyoyin fassara ne da kansu suke ɗora aikinsu, ba a matse hoto, ba a goge sunan wanda ya yi wahala. Da ya rufe a Janairun 2018, MangaDex ya tashi a cikin watan ya gaji tsarinsa, ba tare da cika shafi da talla ba. Amma hotuna suna cin hanyar intanet, miliyoyin masu karatu kuma suna nufin kuɗin rumbu mai yawa duk wata. Maganin da suka samo a 2020 shi ne MangaDex@Home: duk mai kwamfuta da intanet mai ƙarfi ya ba da aron wani sashe, a riƙa aika wa masu karatu hotuna daga can. Dabara ce mai kyau, sai dai ba ta hana masu kutse shiga shafin a Maris na 2021 ba, abin da ya sa aka rufe shi na watanni ana sake gini daga tushe. A Mayun 2025 kuma takardun ƙorafin haƙƙin mallaka suka sauko masa a tare, aka kwashe ɗimbin labarai a 'yan kwanaki.

A ɗaya gefen akwai Mangamura, wanda ba shi da wata hujjar fassara da zai fake da ita. Manga ce cikin Japananci, ga Japanawa, kyauta, a ƙasar da kantin littattafai yake kowace unguwa. Ƙungiyar CODA mai kare kayan fasahar Japan a waje ta ƙiyasta asarar da ya jawo a kusan yen biliyan 320 cikin wata shida. Abin ya kai gwamnati a Afrilun 2018 ta nemi kamfanonin intanet su toshe shi, masana shari'a kuma suka yi ca, suna cewa sashe na 21 na tsarin mulkin ƙasar ya kare sirrin sadarwa, ba a leƙa inda ɗan ƙasa yake shiga. Kafin a gama gardamar shafin ya ɓace da kansa. An kama mai shi, Romi Hoshino, a Manila a Yulin 2019, kotun Fukuoka ta ɗaure shi shekara 3 a 2021, sannan a Afrilun 2024 kotun Tokyo ta umarce shi ya biya Shueisha da Shogakukan da Kadokawa kusan yen biliyan 1.7. Majalisa ma ta gyara doka: daga Oktoban 2020 shafin da aikinsa jera adireshin kayan sata ya zama laifi, daga Janairun 2021 kuma sauke manga da aka san ta sata ce ya haramta, wanda ya mayar da abin sana'a yana iya shan ɗaurin shekara 2 ko tarar yen miliyan 2.

To me ya biyo baya? Ƙungiyar ABJ ta masu ɗab'i ta ce a 2021, shekara uku bayan mutuwar Mangamura, manga da aka karanta a manyan shafukan sata ta kai ta kusan yen tiriliyan 1, fiye da duk cinikin halal na shekarar, wanda ya tsaya a biliyan 675.9. Irin wannan lissafi a riƙa ɗaukarsa da taka-tsantsan, domin yana ɗauka cewa duk shafin da yaro ya buɗe kyauta da zai saya da kuɗinsa, alhali mai karatun banza yana cinye abin da aljihunsa ba zai taɓa iya biya ba. Duk da haka alƙiblar a fili take. An kashe maciji ba a sare kansa ba: magadan Mangamura sun koma ƙasashen waje, da yawa Vietnam, inda hannun ɗan sandan Japan ba ya kaiwa.

Shi ya sa kamfanonin suka juya kan masu ba da masauki. Shafin sata ba ya tsayuwa shi kaɗai. Yana buƙatar mai yi masa rajistar suna, da mai ba shi hayar rumbu, da mai kawo masa talla, da kamfani irin Cloudflare da ke ajiye kwafin shafi a birane da yawa domin ya buɗe da sauri, wanda kuma a hanya yakan ɓoye inda ainihin rumbun yake. A Fabrairun 2022 Kodansha da Shueisha da Shogakukan da Kadokawa suka maka Cloudflare a kotun Tokyo suna neman yen miliyan 460. Wannan hanya ta fi farautar yara masu fassara ma'ana, tunda tana bin inda kuɗin yake. Haka ba za a ce ga abin da ya faru da Tachiyomi ba, manhajar karatu ta kyauta wadda ba ta ajiye manga ko ɗaya a rumbunta. Masu ita sun ajiye aiki a Janairun 2024 bayan barazanar kamfanin Kakao na Koriya ta Kudu. Da yake lambobin manhajar a buɗe suke ga kowa, cikin 'yan kwanaki wasu suka ɗauka suka ci gaba da suna Mihon.

Abin da ya yi aiki da gaske ya zo a Janairun 2019, lokacin da Shueisha ya buɗe Manga Plus. Sabon babin One Piece yana fitowa cikin Turanci a daidai lokacin da yake fitowa a Tokyo, kyauta, a kusan duk duniya in ban da Japan da Sin da Koriya ta Kudu, masu nasu tsarin daban. Mai karatu a Zariya ko Maraɗi yana buɗewa kamar na London, kuma daga baya an ƙara Faransanci da wasu harsuna. Kafin shekarar 2019 ta ƙare, Mangastream, wanda ya shafe shekaru yana fitar da labaran Jump, ya rufe, Jaimini's Box ma ya ajiye su. Matsin lauyoyi ya taka rawa, babu musu, amma lauyoyi sun daɗe suna matsawa. Sabon abin shi ne hujjar da 'yan sa-kai suke riƙe da ita, cewa babu hanyar halal, ta zube a ƙasa.

Da a ce duk kamfanonin sun bi sahu, da wannan rubutu ya tsaya a nan.

Manga Plus yana ba da babi uku na farko da uku na ƙarshe kyauta a shafinsa. A manhajar waya ana iya karanta sauran babin labaran da ke gudana sau ɗaya, wanda yake son fiye da haka sai ya biya kuɗin wata. Wannan ciniki ne mai kyau, amma na kamfani ɗaya ne. Da Kodansha, mai Attack on Titan, ya buɗe K Manga a Mayun 2023, Amurka kaɗai ya buɗe wa ƙofa da farko, da tsarin tikiti da maki mai rikitarwa. Crunchyroll ya rufe manhajarsa ta manga a Disamban 2023, a watan kuma Amazon ya narkar da manhajar Comixology a cikin Kindle. Sannan ga matsalar biya, wadda mazaunin Tokyo ba zai taɓa hangowa ba: a 2022 bankunan Najeriya da dama suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya. Matashin da ya yi niyyar biya, aka ce ƙasarsa ba ta cikin jeri ko katinsa ba ya aiki, ba sai an tambayi inda zai nufa ba.

Ga kuma dubban labaran da ba za a taɓa fassara su a hukumance ba, tsofaffin manga na shekarun 1970 da 1980, da na ƙananan mujallu da kasuwarsu ba ta kai a biya mai fassara ba. Su kwafinsu ɗaya tilo a wani harshe shi ne wanda 'yan sa-kai suka yi. In aka sauke shi ba a kawo madadinsa ba, mai zanen bai ƙaru da yen ɗaya ba, mai karatu ne kawai ya rasa.

Waɗanda suka gaji da wannan yawo sun koma ajiya a gida. Da tsohuwar kwamfuta da manhaja ta kyauta irin Komga ko Kavita, mutum yana iya jera fayilolinsa, ya riƙa karantawa a waya daga ɗakinsa, manhajar tana tuna masa shafin da ya tsaya. Babu talla, babu wanda zai wayi gari ya rufe masa, kuma ga mazaunin inda data ke da tsada, sau ɗaya ake saukewa. Ya fi Google Drive da zaurukan Telegram kwanciyar hankali, inda ƙorafi ɗaya yake isa a goge fayil ko a rufe asusu da duk abin da ke ciki. Amma rumbun gida yana buƙatar abin zubawa, kuma a nan gizo ke saƙar. Dokar Japan ta yarda mutum ya yi wa littafin da ya saya hoto da hannunsa don amfanin kansa, ko da yake kotunan ƙasar sun hana kamfanonin da ke karɓar kuɗi su yi wa mutane wannan aiki. Fayil na halal mara kulle kuwa sai an tona. Kodansha yakan sayar da tarin kundaye ta Humble Bundle lokaci-lokaci, mai saye ya sauke ya riƙe abinsa. Ana rububinsu duk lokacin da suka fito, amma 'yan makonni ne a rufe.

Mai zanen da yake son raba aikin kansa shi ne ya fi kowa zaɓi. Tun 1975 ake taron Comiket a Tokyo, inda masu zane ke sayar da littattafan da suka buga da kuɗinsu. Pixiv ya kawo wannan al'ada intanet a 2007. Wani mai zane da ake kira ONE ya fara ɗora One-Punch Man a shafinsa a 2009 da zane mai kama da na ɗan firamare, labarin ya ja jama'a har Yusuke Murata ya nemi ya sake zana shi, Shueisha ya fara bugawa a 2012. Yau akwai Webtoon Canvas da Manga Plus Creators, inda ɗan kowace ƙasa zai iya ɗora aikinsa. Abin lura kawai, kowane ɗayansu gidan haya ne: mai gida yana iya sauya sharaɗi ko ya ce a tashi, don haka asalin zanen ya zauna a hannun mai shi, a wuri fiye da ɗaya.

Labarin Ken Akamatsu ya isa misali. Mai zanen Love Hina ne, kuma tun wajen 2010 ya kafa shafin da daga baya aka sa wa suna Manga Library Z, domin tsofaffin manga da aka daina bugawa: mai zane ya ba da izini, jama'a su karanta kyauta, kuɗin talla ya koma wa mai zanen. Halal ne daga sama har ƙasa, shi kansa Akamatsu an zaɓe shi majalisar dattawan Japan a 2022. Duk da haka shafin ya tsaya a Nuwamban 2024, ba don wata kotu ba, sai don hanyar karɓar kuɗi ta katin banki da aka yanke masa. Sai da masu karatu suka yi karo-karo ya dawo a 2025. Shuho Sato kuwa wata hanya ya bi: a Satumban 2012 ya saki labarinsa na likitoci, Say Hello to Black Jack, ya ce kowa ya kwafa, ya fassara, ya raba, har ya sayar. Wannan labari babu shafin da mutuwarsa za ta tafi da shi.

Marubutan littattafan Hausa da ke sayar da labari a zaurukan WhatsApp da Telegram sun san wannan ciwo ta ɓangarori biyu. Sun ga littafin da aka biya ɗari biyar a shiga zaurensa ya fita yana yawo kyauta kafin a kai babi na goma. Sun kuma ga OkadaBooks, shafin sayar da littattafai na Najeriya, ya rufe a Nuwamban 2023. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta ba marubuci damar aika takarda a sauke aikinsa daga shafin da ya ɗora ba izini. Makami ne mai amfani, amma abin da Japan ta gani ya nuna iyakarsa.

Hujjar kamfanonin ɗab'i a kan kulle fayil sananniya ce: in aka sayar da shi a buɗe, mutum ɗaya zai saya, dubu su kwafa. Masu waƙa sun yi wannan tsoro kafin Apple ya cire kulle daga waƙoƙin iTunes a 2009, kasuwar ba ta rushe ba. Kamfanin littattafai na Tor ya cire nasa a 2012, bayan shekara guda ya ce bai ga satar ta ƙaru ba. A harkar manga ma hujjar ta fi rauni, domin babin da ake tsaro da kulle yana kan shafukan sata cikin sa'o'i, wani lokaci tun kafin ranar fitowarsa. A Fabrairun 2024 'yan sandan Kumamoto suka kama wasu baƙi biyu a Tokyo bisa zargin fitar da shafukan Weekly Shonen Jump kwanaki kafin a fara sayar da ita. Ba wata manhaja suka fasa ba. Mujallar takarda suka samo daga kantunan da ke sayarwa kafin lokaci, suka ɗauki hotonta.